Ranar da Mukhtaru Mai Kwalba Ya Wanke Gurnani

A unguwar Tandabawi ta Makka in ka ce kana neman Mukhtaru, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai burodi, akwai direban motar Kudai. In ka ce Mukhtaru Mai Kwalba, ko kuliyar unguwa ta san lungun. Kwalaben nasa ba na turare ba ne. Irin na cikin tsofaffin rediyo da amfilifaya, wato injin ƙara sauti, ne, waɗanda ke yin ja kamar garwashi in sun sha wuta.

Mahaifinsa da ƙafa ya baro Ɗambatta, ya shekara bakwai yana tsinkar auduga a Sudan kafin ya haye teku. Shi Mukhtaru a nan aka haife shi, bai taɓa ganin Ɗambatta ba, amma in ya zage ka sai ka rantse jiya ya baro ta. Sana'a kuwa a Jarwal ya koya, a hannun wani tsoho mutumin Bukhara, wanda ya bar masa gadon ƙarfen narka dalma da magana guda: kada ka yarda da abin da mai kaya ya gaya maka. Tsohon kan rediyo yake nufi. Mukhtaru ya ɗauki maganar ya shimfiɗa wa duniya gaba ɗaya. In ka tsawaita gaisuwa sai ya rufe akwatin kayan aikinsa. In matarsa Hajo ta zuba nama da yawa a miya, sai ya leƙa ɗaki ya ga me aka fasa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: amfilifayar ƙaramin masallacin lungunsu. Da hannunsa ya haɗa ta, waya bayan waya, babu koren allon nan na masana'anta a cikinta. Shekara ashirin da biyu tana kiran salla. Duk Alhamis bayan la'asar yakan je da ɗan burushinsa ya kaɗe mata ƙura, ya tsaya yana saurarenta kamar mai duba jariri.

Ladanin masallacin, Malam Abdulganiyyu, Bazazzagi ne da ya zo karatu ya zauna. Ya daɗe yana son a sayo sabon baƙin akwati mai amsa-kuwwa, irin na manyan masallatai. Dattawan unguwa ne suka hana. Hujjarsu ba ta wuce Mukhtaru ba: mutum ne mai tsabtar hannu, bai taɓa gyara kayan kiɗa ba, ko masu gidan biki sun zo da kuka korarsu yake, to aikin hannunsa ya fi dacewa da ɗakin Allah. Mukhtaru ya san a kan wannan zare amfilifayarsa take rataye, ya kuma san wa ke yawo da almakashi.

A watan Safar na shekarar 2014, bayan alhazai sun watse gari ya yi numfashi, wani dogon mutum ya shigo shagon rungume da kwalin injin ɗumama abinci. Bandar ne, jikan marigayiya Hure mai waina, ɗan shekara arba'in, ma'aikacin wani otal a Jarwal. Hausarsa irin ta haihuwar Makka ce, tana tafiya tana dogara sandar Larabci.

"Salamu alaikum, Ammi Mukhtar," ya ce, wato baffa ke nan da Larabci.

"Ba na gyara kayan girki."

"Kwalin ne kawai, ammi."

Ya fito da wani akwati lulluɓe da yadi ruwan ƙwai, da hannun fata, da maɓallai masu kama da kan kaza. Mukhtaru ya kwance bayansa, ya leƙa ciki. Wayoyi ne masu rigar zare, kowace a miƙe kamar sahun sallar Juma'a. Kowane ɗigon dalma yana ƙyalli, girmansu ɗaya. Kwalabe biyar a jere. Tun rasuwar tsohon Bukhara bai ga hannu irin wannan ba.

"Na wane masallaci ne?"

"Ba na masallaci ba ne. Na jita ne."

Mukhtaru ya dubi ƙofa, ya dubi Bandar, ya sake duban ƙofa.

"Wa ya aiko ka?"

"Wallahi ba kowa. Na kai Jidda, shago uku, duk sun ce ba sa taɓa mai kwalba."

"Wa ya ba ka sunana?"

"Shehi Abdulganiyyu. Na tambaye shi bayan salla, ya ce babu kamarka."

To, ruwa ba ya tsami banza. Ladanin da ya shekara biyar bai yabi ko tarin Mukhtaru ba, yau shi ke tallarsa? Hankali ya ce a mayar da akwatin kwalinsa. Amma idon Mukhtaru ya ƙi barin wayoyin nan.

"Me ke damunsa?"

"In ya yi zafi sai ya ɗauke. Bas. Wannan kaɗai. Sauran kada ka taɓa, ammi, Allah ya bar mana kai."

"Kai za ka koya min inda zan taɓa? Ajiye ka tafi. In an tambaye ka, ka ce fanka ka kawo."

Ciwon bai ɗauke shi komai ba. Ya kunna, ya jira kwalaben suka yi ja, ya ɗauko busasshen asuwakin da yake ƙwanƙwasa kayan ciki da shi, ya bi su ɗaya-ɗaya. A ƙafar kwalba ta uku sautin ya yi ƙaf. Dalma ce ta tsage. Kafin shayinsa ya huce ya ɗinke ta.

Sai gwaji. Mukhtaru hanyar gwajinsa ɗaya ce tun yana saurayi: ya jona makirfo ya yi ta furta haruffan sin da sad da ha. Amfilifayar da ta kasa raba su ba ta fita daga shagonsa. Da ƙaramin sauti, abin ya ba shi mamaki. Muryarsa ta fito da ɗumi da kauri, kamar an shafa mata man shanu. Ya murɗa maɓallin ya wuce rabi. Sai akwatin ya fara gurnani, muryar ta yage, sin da sad suka rungume juna suka faɗa rami ɗaya. Raƙumin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ma ya fi wannan ladabi.

Ya zauna ya yi lissafinsa. Hannun da ya jera wayoyin nan ba zai yi wannan kuskure ba. Ke nan wani ne ya shiga daga baya ya dagula, aka kuma ce masa kada ya taɓa. Tarko mai baki biyu: in ya mayar da shi yana gurnani, a ce kunnen Mukhtaru ya mutu, in ya yi shiru, a ce ya gyara kayan kiɗa.

Da rana ya kwashe duka ya gaya wa Hajo a kan farantin shinkafa.

"Abu Nora," ta ce, don da sunan 'yarsu take kiransa, "mutumin nan ya ce kada ka taɓa."

"Shi ya sa zan taɓa."

"In ya ce kada ka faɗa rijiya fa?"

"Sai in leƙa in ga me ya ɓoye a ciki. Ke ba ki gane ba. Zan wanke shi tas ya zama na murya. In ladan ya kawo dattawa, in ce ga shi, na musuluntar da shi, a kai makarantar dare a yi wa'azi."

Kwana biyar ya yi a kai. Ya cire kwalbar farko ya sa wata mai sanyin hali. Ya ja waya daga bakin lasifika ya mayar ciki, don sautin ya riƙa tsawata wa kansa. Ya murɗa wani ɗan ƙaramin sukuru da ke ƙayyade wutar da manyan kwalabe ke sha, bai ko yi alamar inda ya same shi ba, don wa ke ajiye adireshin kuskure? Ranar ta biyar ya ƙure maɓallin, ya ce sin, ya ce sad, suka fito fes kamar farar jallabiya daga wajen guga.

Bandar ya zo bayan azahar, lokacin da unguwa ke ƙailula, ɗauke da jitarsa naɗe a bargo kamar marar lafiya. Mukhtaru ya ja ƙofar ƙarfe ƙasa, saura taku ɗaya.

"Minti ɗaya na ba ka, a hankali. Masallaci ƙofa uku ne daga nan."

Bandar ya jona, ya jira kwalabe suka yi ja, ya taɓa tsirkiya. Ya murɗa maɓallin. Ya sake bugawa da ƙarfi. Ya ƙure shi. Sautin ya fito tsaf, ba ƙura ba gashi. Ya ɗago kai a hankali.

"Ammi, ina ya tafi?"

"Wa?"

"Gurnanin."

"Na kore shi. Ba sai ka gode ba."

Bandar ya zauna a kan wata matacciyar talabijin. Hausar ta gudu ta bar shi, ya yi ta da Larabci, sannan ya dawo ya tsinto ta. Ya ce wani tsoho ne a can ƙasar Turawa yake haɗa su shi kaɗai, bai fi ashirin a shekara ba. Wata goma sha huɗu ya yi a layi. Ya ce duk sirrin ke nan: in ka shafa tsirkiya a hankali ya yi maka magana mai daɗi, in ka dake ta ya yage, kuma yatsanka ne ke zaɓa, ba maɓalli ba.

"Wannan ba ciwo ba ne, ammi. Muryarsa ke nan. Don ita na saya."

"Mutum ya zauna ya jera waya haka, don ya yi datti da gangan?"

"Da gangan."

Mukhtaru ya ƙura masa ido. Shekara arba'in yana kallon fuskar masu kaya, ya san ta mai ƙarya, ya san ta wanda aka aiko. Ya nemi ko ɗaya a nan bai samu ba. Wannan fuskar wanda aka ɓata wa kaya ce, kuma a shagon babu mai ɓatawa sai mutum ɗaya.

Ya jawo akwatin gabansa. Ya zare wayar da ya ƙara, ya mayar da kwalbar asali. Saura sukurun. Ya riƙe sukundireba ya tsaya. Kunnensa duk rayuwarsa gudun gurnani ya koya, bai san inda mai kyau yake zama ba. Sai mai jita ya buga, shi yana murɗawa. Gurnanin kuwa ba ya fitowa sai an ɗaga sauti sosai.

Bandar ya fahimta. "Akwai wani lambu a hanyar Jidda da muke haɗuwa. Mu kai shi can, ba mai ji."

"In bi ka jeji? Da wa da wa ke jirana a can?"

"Ammi, wallahi..."

"Ba na aiki sai a teburina. A nan aka yi ɓarna, a nan za a gyara. Buga."

Bandar ya buga. Gwangwanayen sukurori suka kama rawa a kan kanta. Mukhtaru ya sa hannu ɗaya a aljihu, yadda ake yi in ana taɓa akwati mai wuta, ɗayan yana murɗawa kaɗan-kaɗan.

"Ƙara. Ƙara. La, ya yi yawa, koma. Kaɗan. Nan, ammi, nan."

A nan ɗin Mukhtaru ya ji abin da bai shirya ji ba. Sautin ya tashi da kauri, ya tsage a tsakiya, wutsiyarsa ta daɗe tana rawa kafin ta mutu, kamar muryar dattijon da ya ci kuka ya share ido ya ci gaba da magana. Ya cire sukundireba. Bai ce a daina ba.

Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta tsayar da su. Ta ƙarƙashinta ana hango takalma biyu da Mukhtaru ya sani kamar yunwar cikinsa.

"Malam Mukhtaru, lafiya? Na ɗauka janareto ne ya kama da wuta."

Mukhtaru ya ɗaga ƙofar gaba ɗaya. Ba ladan kaɗai ba ne, da dattawa biyu a bayansa, idanunsu da sauran barci.

"Aikin da ka turo min ne, Malam."

"Ni cewa na yi ka iya kwalba. Ban san gidan biki za ka buɗe ba."

Maganar musuluntarwa tana bakin Mukhtaru, amma ga jita a wuyan Bandar, ga kwalabe sun yi ja. Ya ce, "Na ɓata wa mutum kaya, na gyara. Ku faɗa wa duk wanda ya tambaya."

Sun faɗa kuwa. Alhamis ta zagayo, ya ɗauki burushinsa zai fita, ya tarar an ajiye masa amfilifayarsa a ƙofar shago cikin kwalin ruwan sha, an naɗe wayarta da kyau. Da magariba sabon akwati ya kira salla.

Har yau bai yanke hukunci a kan ladan ba. Wata rana ya ce tarko ne tun daga farko, wata rana ya ce mutumin ba shi da wayon da zai kai nan. Hajo ta ce in ma rami aka haƙa, ita dai mutum ɗaya ta gani da shebur, kuma mijinta ne. Sallarsa bai fasa a masallacin ba, sahun farko, sai dai yana idarwa yake fita.

Bandar kuwa an kafa masa doka: duk wata uku ya kawo akwatin a duba. Babu abin da ke damunsa. Mukhtaru ne ke buɗe bayansa, ya sa tabarau, yana zana hanyar kowace waya a bayan tsohuwar kalanda. Ya haɗa irinsa sau biyu, gurnanin bai fito daidai ba. Ya ce tsohon Baturen nan ya ɓoye wani abu a cikin taransifoma, kuma in Allah ya ba shi rai sai ya kama shi.