Kyanwa ta Shida

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a wani ofishin inshora, har sunan Masinja ya bi shi gida bayan ya yi ritaya. Ambulan da akawu ya jefa a kwando sai ya tsince, ya yanke kusurwar da kan sarki yake. Ba kowanne yake so ba. Mai hoton gada ko na shugaba, wannan na masu shara ne. Nasa na zanen barkwanci ne: jaki da tabarau, kwaɗo a kan keke, irin waɗanda gidan waya ke bugawa sau ɗaya don tunawa da wani abu.

Aikin da ƙa'idarsa. A jiƙa takardar cikin ruwan ɗumi har kan sarkin ya saki da kansa, a ɗauko shi da matsefata, a shanya a kan tsohuwar jarida, sannan ya shiga kundi.

Akwai jerin wata ƙatuwar kyanwa mai hular ma'aikacin gidan waya, guda shida. Biyar yake da su. Gurbin ta shida ya shekara tara a buɗe, kullum sai ya leƙa shi kamar mai taɓa giɓin haƙori da harshe.

Ran nan wasiƙa ta iso daga autarsa da ke aure a wata ƙasa. Ga kyanwa ta shida a kai, tana barci cikin jakar wasiƙu. Masinja ya ƙwala wa matarsa kira: "Uwar yara, ɗora ruwa!"

Sai da ya ɗauki almakashi ya lura babu ambulan. Yarinyar naɗe takardar ta yi, ta manna kan sarkin a bayanta. Daidai ƙarƙashinsa, da alƙalamin tawada, ta rubuta: "Baba, takwarar Inna ta fara tafiya, irin gwamewar ƙafarka ta ɗauko." In takardar ta taɓa ruwa, rubutun ya tafi.

"Shekara ashirin tana kallona ina wannan aiki," ya ce, "amma ta manna a jikin wasiƙa!"

Matar ta ce, "Ai ba haya ka ɗauke ta ba. To kwafe maganar a wata takarda mana, ka jiƙa abinka."

"In na kwafe, rubutuna zan riƙa karantawa."

"To bar shi."

"Gurbin fa?"

"Malam, ruwa dai yana hucewa."

Ya zauna, almakashi a hannu, ya sake karanta layin. Ya miƙe ƙafafunsa ya dube su.

"Gwamewa? Ni?"

"A'a, maƙwabci."

Ya yi dariya har da tari. Ya ajiye almakashin, ya sa wasiƙar yadda take a shafin kyanwoyi, ta rufe biyu daga cikinsu. Sannan ya tura wa matarsa farantin ruwan.

"Kwashe, ki ba ni biro. Sai na ji wa ya ce mata ƙafata gwame ce."