Kawu Ba-Komai da Akun Cikin Kwamfuta

Ƙanin mahaifiyata direban bas ne tun kafin a haife ni, har zuwa ranar da gwiwoyinsa suka ce sun gaji da taka kuloci. A tasha da unguwa ba wanda yake kiran sunansa na gaskiya. Ba-Komai ake ce masa, mu 'ya'yan 'yan'uwa kuma mu ɗora Kawu a gaba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Fasinja ya ce a tsaya zai sha ruwa, ba komai. Wata ta shigo da buhu ta tare hanya, ba komai. Duk wanda ya ɗaga masa hannu a bakin titi sai ya taka birki, ko da motar ta cika har ƙofa, don kawai ya ba shi haƙuri baki da baki. Shi ya sa kullum motarsa ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen isowa.

Ta haka ma ya sami matarsa, wadda muke kira Inna. Ya ce ya hango ta a bakin hanya tana ɗaga hannu, ya tsaya. Ita kuma har yau ta dage cewa ƙuda take kora. Ko ma mene ne, ta shiga motar, kuma tun daga lokacin take fama da baƙin da yake kwasowa. Duk fasinjan da bai da masauki, falonsu ne masaukinsa. Akwai wani da aka kawo don ya kwana ya wuce, bai tafi ba sai da ya fara ba da shawara a kan launin labule.

Da Kawu ya ajiye tuƙi, zama ya ishe shi. Baƙo ya zo da mota, sai ya bar shi a falo ya fita duba masa tayoyi. Ganin haka ne 'yarsa Auta, wadda take aiki a wani gari mai nisa, ta aiko masa da kwamfutar tebur, don ya riƙa ganin jikokinsa suna hira, ya kuma sami abin yi. Aka ɗora ta a kan tsohon teburin ɗinkin Inna, a kusurwar falo kusa da taga. Da yake ni ce mai buga takardu a ofishin wata makaranta, ni aka ɗora wa koya masa.

Kamar mota ya ɗauke ta. Kowace safiya sai ya goge ta da tsumma, ya kunna, ya koma gefe ya harɗe hannu wai sai inji ya yi zafi. Ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur kuwa, riƙon giyar mota yake yi masa. Matsalar ɗaya ce: yawancin rubutun da yake fitowa da harshen da bai ƙware a kai ba ne. Maimakon ya tambaya, sai ya kafa wa kansa doka irin ta titi. Maɓallin da yake kore, a wuce. Wanda yake ja, a tsaya. Masu dasa cuta a intanet kuwa, kamar sun san da zaman Kawu, duk maɓallansu kore shar suke.

Abu na farko da ya shigo masa wani ɗan aku ne mai launi, da yake tsayawa a ƙasan allo. Da an kunna kwamfuta sai ya kaɗa fukafukai ya yi gaisuwa, ya faɗi ko za a yi ruwa, wani lokaci har ya yi tsalle ya juya. Kawu ya kamu da son akun nan. Yakan amsa masa gaisuwar da babbar murya, har ya tambaye shi kwanan iyali.

Bayan aku, sai baƙi suka yi ta shigowa. Kwamfutar ta fara nauyi, a kunna ta a je a sha shayi a dawo ba ta gama farkawa ba. Tagogin talla suna buɗe kansu a allo, a rufe ɗaya wasu su faɗo. Wata rana abokansa biyu, tsohon makanikensa da mai askin bakin layi, suna zaune a falo ana hira, sai muryar wata mata ta tashi daga kwamfutar da ƙarfi tana tallar maganin sanƙo. Kan Kawu kuwa fes yake, ko gashi ɗaya babu.

Mai aski ya ce, "To, ka ga har na'ura ta gane ka. Ni dama na daɗe da rasa ka."

Makanike bai yi dariya ba, shi aiki ya gani. Ya kara kunne a jikin akwatin kwamfutar, ya saurara, ya ce, "Maigida, wannan zafi take yi. Ji yadda fankarta take kuka."

Suka kwance murfin, suka hure ƙura, suka kafa mata fankar tsaye tana yi mata fifita. Makanike ya ɗan bubbuga ta a gefe yadda yake yi wa batir. Kwamfutar ta yi tsaf kamar sabuwa, matar kuma ta ci gaba da tallarta, ta ƙara da maganin ciwon baya.

Ana cikin haka sai wata babbar taga ta fito, tana walƙiya tana ƙara, da hoton garkuwa, wai kwamfutar ta kamu da cuta, a danna nan a wanke ta. Kawu ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wa Inna, "Kin gani ko? Har yanzu akwai mutanen kirki a duniya. Ban kira su ba suka zo." Ya danna koren.

Ba a daɗe ba Auta ta bugo waya, muryarta a sama.

"Baba, ni kake aiko wa maganin rage ƙiba?"

"Ni? Yaushe?"

"Ga saƙo nan da sunanka! Wai ka gwada ya yi maka aiki, ni ma in gwada."

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda adireshinsa yake cikin kwamfutar ya sami saƙon, har da yayar Inna, mace mai jiki wadda ko da wasa ba a taɓa mata maganar jikinta. A ranar Inna ta kira ni. Ta ce, "Ki zo ki raba kawunki da abin nan tun bai raba mu da dangi ba."

Na je da safe ranar da ba aiki, da filas biyu na ajiye bayanan kwamfuta a jaka, ɗaya babu komai a ciki, ɗaya kuma na sa manhajar kashe cuta ta gaske. Na tarar da Kawu ya yi wanka ya zauna kusa da teburin, kamar wanda ya kawo mara lafiya asibiti. Ina zuwa na zare wayar intanet daga bayan akwatin.

"Kai, 'yar nan! Kin kashe ta?"

"Ban kashe ta ba, Kawu. Ƙofa na rufe, don kada wasu su ƙara shigowa, na ciki kuma kada su ƙara aika saƙo."

Na kwashe hotunan jikoki na zuba a filas ɗin da ba komai, don ko da aikin ya ɓaci. Sannan na sake kunna kwamfutar ta hanyar da ba ta tayar da komai sai abin da ya zama dole. Allon ya fito da manyan haruffa, ba ado, ba aku.

"Ina ya tafi?"

"Yana nan, barci yake. Ka bar shi tukuna."

Da na buɗe wurin da manhajojin suke jere, sai da na ce innalillahi. Ban taɓa ganin kwamfuta mai baƙi haka ba. Akwai masu cewa suna ƙara sauri, akwai masu cewa suna wanke shara, akwai masu neman rangwame a kasuwa, kowanne da ɗan'uwansa. Na fara gogewa, Kawu kuma ya zama lauyansu.

"Wannan fa me ya yi?"

"Shi ne yake buɗe tagogin nan."

"To, goge shi. Wannan kuma? Ai shi ne mai garkuwar da ya zo taimako."

"Shi ne babban ɓarawon, Kawu. Shi ya ce akwai cuta, alhali shi ne cutar."

Ya riƙe baki. "Da garkuwarsa da komai?"

Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Ai ka saba. Baƙon da ya tafi da rediyonmu ma da gaisuwarsa ya shigo."

Na sa ɗaya filas ɗin, na tayar da manhajar kashe cutar ta shiga bincike. Ta daɗe tana yi. Muka sha shayi, Kawu yana kallon layin da yake tafiya a hankali yana cewa ko motarsa a kan tudu ta fi wannan sauri. Da ta gama, sai ta jero abubuwan da ta kama da jan rubutu. Na farko a sama, akun ne. Shi ne ya fara shigowa, kuma shi ne yake buɗe wa sauran hanya.

Kawu ya matso kusa da allon. Can ya ce, "Duba da kyau dai. Ko kama ce ta yi yawa."

"Shi ne, Kawu."

"Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Kullum sai ya gaishe ni. 'Ya'yan cikina ma ba kullum suke yi ba."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai na fasa. Mutum ne da ya saba da hayaniyar tasha, kowa yana kiransa, yanzu kuma falo ya yi masa faɗi. Na ce, "In muka bar shi, gobe zai sake kiran sauran. Yayar Inna kuma za ta sake samun saƙo."

Wannan ta shige shi. Ya gyara zama ya ce, "To, ba ni linzamin. In dai sauke shi za a yi, ni na ɗauko shi, ni zan sauke shi." Na nuna masa wurin. Ya kai kibiyar a hankali, ya tsaya, ya dube ni. "Maɓallin ja ne fa."

"Yau ja za ka danna."

Ya danna. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya saki linzamin.

Sauran aikin bai yi wuya ba. Na share tarkacen da suka maƙale a manhajar shiga intanet, na mayar da waya, na bar kwamfutar ta sabunta kanta, na sake bincike ya fito fes. Da muka zo canza kalmar sirri, Kawu ya ce ba zai faɗa mini tsohuwar ba, ai sirri ce. Na rubuta "bakomai", ta buɗe. Ya dube ni kamar na yi tsafi. Muka zaɓi sabuwa mai tsawo, Inna ce ta haɗa ta, kuma ta ce in ya manta ya zo ya tambaye ta cikin ladabi.

Kafin in tafi na yi masa huɗuba: duk abin da bai nema ba, ya ƙi shi, ko wane launi ne. Ya karɓi darasin fiye da kima. Kwamfuta ta nemi izinin sabunta kanta, ya ƙi. Auta ta kira don ya ga jikoki, taga ta fito tana tambaya ko zai amsa, ya ƙi, ya sake ƙi, har ta bugo wa Inna a waya tana tambaya ko Baba fushi yake da ita. Sai da na koma na ware masa waɗanda ake yi wa maraba.

Ban-haƙuri kuwa da ƙafa ya yi shi, duk da gwiwa. Ya bi gidajen waɗanda suka sami saƙon yana bayani. Yayar Inna ta bar shi a tsaye a bakin ƙofa sai da ya gama, sannan ta ce ta haƙura. Har ya juya zai tafi, ta kira shi ta rage murya ta ce, "To amma tsakani da Allah, maganin yana aiki?"

Yanzu Kawu ya zama malamin cutar kwamfuta a layinsu. Mai aski ba ya danna komai a wayarsa sai ya aiko an tambaye shi. Shi kuma ya sami sabon abin yi da bai da haɗari: taswirar nan da take nuna ƙasa daga sama. Yakan zauna ya bi tsofaffin hanyoyinsa gari bayan gari, yana jan linzami yana rage gudu a kwana.

Zuwana na baya-bayan nan na same shi yana ta faɗa shi kaɗai. Ya jawo ni ya nuna mini wani rafi a allo.

"Kin ga nan? Duk damina sai na kafe a wurin nan, fasinjoji su sauka su tura, ni da laka har wuya. Dubi yanzu. Gada! Sai da na bar tuƙi suka ga damar gina ta."

Ya haye gadar da kibiya, ya dawo, ya sake hayewa. Inna ta ce abinci yana hucewa. Ya ce ta ɗan jira, bai kai tasha ba tukuna.