Tasar Inna Tana Argungu

A ɗakin baya na gidanmu da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi ina da tsofaffin tasoshi goma sha ɗaya, kuma ba ɗaya da ta fito daga gidan iyayena. Akwai akushi biyu, ɗaya ya tsage an ɗinke shi da waya. Akwai kwalla mai murfi wadda fentinta ya ɓare, da adudu, da fitilar ƙwai, da dutsen guga na gawayi da maƙwabciyata mai ɗinki, 'yar Filato, ta ba ni da za ta koma garinsu. Ta ce na mahaifiyarta ne, amma ta san a wurina ba zai yi tsatsa ba.

Bayan rasuwar Inna na fara tara su. Idan na ji 'yan gwangwan suna wucewa da kurarsu, masu karɓar tsohon ƙarfe su ba mata robobi, sai in zura hijabi in fita in tone kayan. Abin da mata suka gaji da gani a ɗakunansu shi nake kwasowa. In zauna da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya in yi ta gogewa har yatsuna su yi zafi. Maigidana yakan leƙo ya ce, "Hajiya, yaushe za a fara karɓar kuɗin shiga?" Nakan yi murmushi don kada ya ji kunyar wasansa. Bai taɓa tambayata abin da nake nema a cikin kurar ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Tasa ɗaya nake nema, kuma na san inda take. Tana Argungu, a hannun ƙanwata.

Ta tagulla ce, mai faɗin baki, za ta ci mudu biyu. An zana mata layi uku a wuya da wasu ƙananan ɗigo kamar sawun tsuntsu. A gindinta akwai lotsawa, inda aka ce ta faɗo daga kan jaki ranar da aka kai kakarmu gidan miji. Daga kakarmu ta dawo hannun Inna. A saman jeren Inna take zama, ita kaɗai, kuma ba ta fita ko tsakar gida. Na ga an tsula wa ƙanwata tsintsiya don ta sauko da ita ta yi wasan 'yar tsana.

Ni ce 'yar fari. Inna 'yar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshen ranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Da aka yaye ni aka kai ni Birnin Kebbi wurin goggona, ƙanwar Baba, a can na girma, a can na yi firamare, daga can aka yi mini aure. In na je Argungu hutu, Inna takan amsa gaisuwata tana kallon tukunya. In za ta yi zancena da wani sai ta ce "ta Birni". Ƙanwata kuwa auta ce, shekara tara na ba ta. A cinyar Inna ake yi mata kitso, su yi ta hira suna dariya, ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Na san al'ada ce. Kowa ya gaya mini al'ada ce, har da goggo, wadda ta ce uwar da ta fi kunyar ɗanta ita ta fi sonsa. Na yarda da bakina. Amma ina jin dariyarsu.

Goggo mace ce mai tsari. Cikin abubuwan da ta cusa mini akwai maganar kwanon mutane. In an kawo miki abu, ki juye, ki wanke kwanon tas, ki sa wani abu a ciki ko da ƙwayar ashana ce, ki mayar. Kwanon wani ba ya kwana biyu a ɗakinki. Ta ce a nan ake gane 'yar da aka yi wa tarbiyya. Ni kuma duk burina a Argungu a ce goggo ta iya riƙo.

Shekara biyu kafin Inna ta rasu, wata rana da hantsi, maƙwabciyarta mai kawo bandar kifi kasuwar Birni ta yi sallama a gidana. Ta sauke ƙunshi daga kanta. Na kwance, sai ga tasar, cike da sabuwar shinkafa ta fadama.

Na ce mata, "Wannan ai tasar Inna ce. Ta san da ita kika taho?"

"Ita taɗ ɗauko ta da hannunta. Tac ce a kai ma ta Birni."

"Ba ta ce komai ba?"

"Innarki ce, kin san ta. Mi za ta ce?"

Na ga kamar tsufa ne ya fara taɓa ta, ta rasa kwanon aike sai wannan. Na yi ta tunanin motar haya, da ramukan hanya, da yadda ake jibga buhunan albasar Augie a kan kayan mutane. Ban bari ta kwana ba. Na juye, na goge ta har tana ɗaukar ido, na sa sukari da ganyen shayi, na kai wa matar kasuwa kafin ta tashi.

Bayan wata uku tasar ta sake zuwa, da kifi a ciki. Na mayar da man shafawa da atamfa.

Na ukun bayan ƙaramar salla ne. An naɗe tasar a wani tsohon zanen Inna, saƙi mai baƙi da fari. Da na buɗe, daddawa ce 'yar kaɗan a tsakiya, wadda ko a ƙullin leda za ta shiga. Har na yi dariya. Na wanke, na sa sabulu da turaren wuta, na naɗe ta a zanen yadda ta zo. Matar ta tsaya tana dubana.

Ta ce, "A maida ta?"

Na ce, "Me zai hana?"

Ta gyara gammonta ta ce, "Shi ke nan."

Tasar ba ta sake zuwa ba. Na ji daɗi ma, na ce hankalin Inna ya dawo.

Ciwonta bai yi tsawo ba. Ƙanwata ce ta yi jinya, don gidan mijinta yana bayan gidan Inna. Ni ina zuwa ranar Asabar in koma Lahadi. Ko a kwance, in na shiga, Inna takan ja mayafi ta rufe ƙafafunta kamar baƙuwa ta zo. Ranar da ta cika ina cikin mota, mun wuce rabin hanya, aka kira ni. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Bayan arba'in aka zo rabon gado. An fito da kayan ɗakinta tsakar gida, malam yana zaune a kan tabarma, kawunmu yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Idona yana kan jere. Aka sauke samiru, aka sauke fanteka, aka sauke kwalla. Ban ga tasa ba. Na daure har aka kusa gamawa, sannan na ce a hankali, "Akwai tasar kaka."

Ƙanwata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tana ɗakina. Inna ta ba ni ita tun tana da rai."

Kawu ya ce ya sani. Malam ya ce abin da aka bayar aka kuma karɓa tun mai shi yana raye ba ya shiga gado. Maganar ta ƙare a nan. Ni na tashi da gadon ƙarfe da samiru shida, waɗanda na raba wa 'ya'yan dangi kafin in hau mota.

Abin da ya zauna mini a zuciya ba kyakkyawa ba ne, kuma na san sunansa. Ƙyashi ne. Ina salla yana nan. Na yi ta lissafa abin da ƙanwata ta samu: cinya, kitso, hira, sunanta a bakin Inna sau ɗari a yini, numfashin ƙarshe, sannan tasa. Da salla ta turo hoton 'ya'yanta a waya, suna zaune sun kewaye tasar suna cin dambu. Kowa yana yaba yaran, ni na ja hoton da yatsa ina duban wuyan tasar, na ga ta yi baƙi, ba a goge ta. Kwana biyu ban amsa kiranta ba. A wannan makon na sayi tasata ta farko a kurar 'yan gwangwan. Ta yi kama da ita daga nesa.

Haka na shekara uku. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da biki, ban taɓa tayar da maganar ba.

Bara, bayan an yanke shinkafa, na shiga kasuwa na sayi kuloli masu tsada, saiti guda, irin masu ruwan zinari da ake sa wa amare a jere. Na hau mota zuwa Argungu. Na sami ƙanwata a tsakar gida da azahar, tana wanke shinkafa a cikin tasar, a ƙasa, kusa da makwarara, kaji suna kewaya ta. Na ajiye kwalin. Muka gaisa, na sha ruwa, na yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe na ce na ga ba ta da kulolin baƙi, ga waɗannan, in ya so sai ta ba ni tsohuwar tasar nan in adana, tunda ni ina da wurin ajiye irinsu.

Ta tsame hannunta daga ruwan. Ta dubi kwalin, ta dube ni, sai ta fashe da dariya.

"Yaya! Ashe gaskiya ne da anka ce kin koma 'yar gwangwan. Ina kurar taki? Waje kinka bar ta?"

"Ba wasa na zo yi ba."

"Awo, na gani. Mai wasa ba ya sayen kula mai ruwan zinari."

Na ce, "Kin samu komai nata. Ni abu ɗaya nake roƙo. Ko shi ma ya yi yawa?" Na ji haushin kaina.

Dariyar ta ɗauke. Ta share hannu a zaninta, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna gabana.

"Sau nawa Inna ta aika maki da tasar ga?"

"Uku. Me ya kawo wannan?"

"Sau nawa kinka maido ta?"

Na juya ina duban tasar.

"Shinkafa ce ba ku da ita Birni? Ko daddawa? Matar da ba ta bari tasar ga ta taka tsakar gida, ta sa ta mota har sau ukku, ke ba ki tambayi kanki ba? Na ƙarshen gabana anka aje ta. Ta kwance zanen, ta ga sabulu da turare. Can tac ce, 'Ta Birni ba ta son tsohon kaya.' Sannan ta turo min ita, tac ce, 'Ke, ɗauki.' Ko dubana ba ta yi ba."

Na ce, "Don me ba ta faɗa ba? Kalma ɗaya. Ta ce riƙe."

"Ta hwaɗa ma wa? Ke? Wadda ko sunanki ba ta iya kamawa? Ai iyakar maganarta ke nan, ta yi ta har sau ukku."

Kaza ta sa baki a shinkafar, ba wanda ya kore ta. Na tuna matar nan mai kifi tana tsaye da gammo a hannu tana cewa a maida ta. Na tuna yadda na ji daɗin kaina ina ninke zanen.

Ƙanwata ta ce, "Ke kina ganin ni anka hi so. Ni na yi wankin jinya, ni na kwana zaune. Amma da za a ba da tasar kaka, Birni anka nuhwa da ita. Ni abin da kinka ƙi anka ba ni. Shekara biyar ina cin abinci cikinta da sanin haka."

Ban taɓa zaton tana da nata ciwon ba. Na so in ji tausayinta, kuma na ji kaɗan. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To tunda ni aka nufa, ba ni."

"A'a."

"Don Allah."

"A'a, Yaya. Ke ɗaki za ki kulle ta cikin na mutane. Ni kullum sai na sa hannu inda ta sa nata. An ba ki kin maido, an ba ni na riƙe. Kulolin dai na gode, tsaraba ce, ba ni maida su."

Ta ɗauki tasar ta ƙarasa wankin shinkafarta. Na zauna a wurin har ta dafa, muka ci, yaranta suka dawo daga islamiyya suka gaishe ni. Da la'asar na ce ta ba ni toka da tsamiya. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta kawo, ta ajiye mini tasar a gabana.

Na goge ta a hankali. Na bi layukan nan uku da farce, na fitar da baƙin da ya shige cikin ɗigon, na juya ta na sa babban yatsa a lotsawar. Na ɗauki lokaci fiye da yadda aikin yake bukata. Ita kuma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsifar kan ƙaramar 'yarta, amma duk ɗagowar da zan yi sai mu haɗa ido.

Da hasken ya fara ja ta ce, "Yaya, motocin Birni suna ƙarewa. Kuma in kinka ci gaba haka huda ta za ki yi."

Na ɗauraye, na share da gefen mayafina. Ta taso ta miƙo hannu biyu. Na ɗan riƙe, ta ɗan ja, sannan na saki. Ta shige da ita ɗaki, na ji ƙarar ajiyewarta a saman kabad. Na sa takalmina na fita neman mai babur zuwa tasha.