Ita Yamai, ni ɗakin yara

Shekarun baya ina aikin jinya a reshen Dakoro na wani babban kamfanin lafiya mai hedikwata a Yamai. Rana ɗaya aka ɗauke mu ni da ƙawata, aka sa mu ɗakin yara. Kuma ba yabon kai ba, idan jijiya ta ɓace mata a hannun jariri, ni take kira.

Duk damina masassara na cika mana ɗakin. Yara bibbiyu a gado, uwaye daga Rumbu da Birnin Lalle sun shimfiɗa tabarmi har baranda. A irin wannan lokacin ne kuma kamfani ke son kiran formasiyon, wato ƙaro ilimi a Yamai. Duk sanda aka ce a turo mutum ɗaya, ƙawata ce.

Sai ta dawo fes, da jaka mai tambarin kamfani, tana ba mu labarin otel. Ni kuwa ina cewa "Masha Allah" a baki kawai. Kilishin tsarabarta ma sai in ce ya yi gishiri, amma ina cinyewa.

Da abin ya ishe ni, na sami manjo, shugabanmu, a bironsa, wato ofishinsa.

"Manjo, mi na yi maka? Ko sunana ba ya rubutuwa ne?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙanwata, in na sake ki mako guda, wa zai riƙe mini ɗakin?"

Na fito ina murmushi, wai an yabe ni. Sai da aka yi wa ƙawata ƙarin girma, aka ce ita za ta riƙa duba aikinmu, sannan na gane inda yabon ya ajiye ni. Ranar na shige ɗakin magani na sha kuka, na fito na ce mura ce.

Na daina cin abincin rana da ita. Ta kuwa lura. Da damina ta zagayo ta tare ni a baranda.

"Na sa sunanki. Jibi za ki Yamai."

"Ɗakin fa?"

"Ki bar mini ɗakin."

Na so in ƙi, don kar a ce ita ta yi mini. Amma na riga na fara tunanin atamfar da zan sa.

A Yamai ana koyarwa, ni waya na hannuna, ina jira a ce abu ya rikice. Shiru. Ƙarshe ni na kira manjo. Ya ce, "Lafiya lau muke, ki yi karatunki." Ashe ta raba aikina, ta koya wa sababbin ma'aikata sa ƙarin ruwa. Na dawo na tarar da komai daidai. Wallahi wannan ya fi mini zafi a kan ƙarin girman nata.

Daga nan na gane cewa a irin aikinmu, mai iya ɗaukar kaya ita ake bari da kayan, kuma ni ma ina son a riƙa ganina da shi.

Yau tana hedikwata, ni ce manjo. Muna waya, muna dariya. Amma jiya ta turo mini hotonta daga wani taro a ƙasar waje. Na daɗe ina kallo kafin na rubuta mata, "Kin yi kyau." Ta kuwa yi kyau ɗin, abin haushin ke nan.