Luguden Kakata a Shekarar Tafasa

Har yau ba na son a dafa tafasa kusa da ni. Da zarar warinta ya bugi hancina, mai ɗaci-ɗaci kamar ɗanyen ganyen da aka murje a tafin hannu, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Jibiya, ina yarinya ƙarama, ina tsugune gaban murhu ina jiran ganye ya yi laushi. A daminar da zan ba ka labari, tafasa ce karin kumallonmu, ita ce kuma abincin darenmu. Wata rana da ɗan gishiri, wata rana haka nan.

Daminar da ta gabace ta ce ta yi gardama. Hatsi bai yi ba, tun daga wajenmu har ƙasar Faransi, kamar yadda muke kiran tsallaken iyaka a lokacin. Gidanmu yana bakin hanyar da ta nufi can, don haka daga ƙofar zaure nakan ga mutane suna gangarowa daga arewa, jakunansu ba kaya, matansu da ƙorai a ka ba komai a ciki, suna neman garin rogon da motoci ke kawowa daga kudu. Da yawansu danginmu ne. Ko ma'aikatan iyaka sun daina tsayar da su, don ba abin da za a bincika a jikin mutumin da haƙarƙarinsa ke waje.

Rumbunmu tun bazara mahaifiyata ta shiga ta share shi da tsintsiya. Iri kawai aka ɓoye. Da ruwa ya sauka, ya sauka da kyau, mahaifina ya shuka gonarmu da ke hanyar Magama, gero ya tsiro kore shar. Muna cewa wahala ta kusa ƙarewa, sai kurkunu ta kama shi a ƙafa biyu. Idan ba ka san ta ba, tsutsa ce mai fitowa daga jiki kamar farin zare, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, ba a yi mata gaggawa. Ta kwantar da shi daidai lokacin noman farko.

Ciyawa ba ta jiran mai ciwo. Ranar da na bi mahaifiyata gona, sai da muka sunkuya muka buɗa harƙiya da hannu kafin mu ga geron, ya yi rawaya, ya sirance, kamar yaron da aka yaye ba shiri. Ta ɗauki hauya da ƙanwata goye a bayanta, ta yi abin da za ta iya, jiri ya ɗebe ta, ta zauna a ƙasa. Ƙanwar tawa ba ta ko motsa ba. A kwanakin ta daina kuka, sai dai ta buɗe ido ta dube ka. Wannan shirun nata ya fi komai ba ni tsoro.

Maganin irin wannan a wajenmu gayya ce. Mai gona ya kira maza su taru su nome masa a yini guda, da makaɗi yana zuga su. Amma gayya tana da sharaɗi ɗaya da ba a taɓa karyawa: wanda ya kira, shi zai ciyar. Fura ta isa gona da rana, ko da ba tuwo. Kiran mutane su yi maka aiki da yunwa, su koma da yunwa, abin kunya ne da za a riƙa faɗa wa jikokinka. Mu kuwa ko ƙwayar da kaza za ta tsattsaga ba mu da ita.

Mahaifina mutum ne mai raha, wanda in yana zaure ana jin dariyarsa daga rijiya. Ciwon nan da ganin gonarsa tana mutuwa suka mai da shi wani mutum dabam. Ya juya fuska ga bango, ya daina amsa sannu. Wata rana da hantsi ina wanke tafasa a bakin ɗaki, na ji yana gaya wa mahaifiyata abin da ya yanke.

"A bar gonar. In ƙafa ta warke in tahi Kano in yi dako. Ke ki koma gidanku da goyo. Ita kuwa babbar a kai ta Maraɗi wajen gwaggonta."

Babbar ni ce. Hannuna ya tsaya cikin ruwa. Ban taɓa ganin gwaggon nan ba, ban san Maraɗi ba sai a bakin fatake. Na dubi tsakar gida, da randa, da igiyar shanya, na fara yi musu kallon ban kwana.

Kakata, mahaifiyar mahaifina, tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, haƙoranta sun zube sai 'yan kaɗan, amma bakinta bai taɓa gajiya ba. Ta ajiye mazari ta taso har bakin ƙofa.

"Mi na ji kana cewa?"

"Inna, da mi za a yi gayya? Da ruwan tafasa?"

"Ni dai na san kurkunu a ƙafa ta kama ka. Ban san ta hau har zuci ba." Ta juya ta dubi mahaifiyata. "Jibi gayya."

Mahaifiyata ta fashe da kuka. "Inna, za mu ji kunya a garin nan."

"Kunyar jibi, jibi za a ji ta. Share ido ki wanke mani turmi."

Da sandarta ta bi gida-gida tana gayyata, ta kuma aika wa wani tsohon makaɗin noma, Bamaguje daga wajen Bugaje, wanda suka yi wasan ƙasa tare tun suna yara. Ina jin mahaifina ya ɗauka tsufa ne ya taɓa ta.

Ranar gayya, gari na wayewa, wata ƙara ta tashe ni wadda na daɗe ban ji ba. Taɓarya ce a turmi. Ka sani, garin rogo ba a daka shi, tafasa ma haka, don haka unguwarmu ta yi watanni shiru da safe kamar an yi rasuwa. Na fito da gudu. Kakata ce, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura baƙin zanenta na rini da ba ta fitarwa sai da salla. Ba daka kawai take yi ba, lugude take yi: ta buga, ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta goga ta a bakin turmi ya ba da amo. Tana yi tana waƙar da ta ƙirƙira nan take, tana zagin yunwa, wai baƙuwa ce mai ƙafar kara da ba wanda ya gayyata, ta naɗe tabarmarta ga hanya can.

Na matso in leƙa, ta tare ni da ƙugu. "Ja da baya, ƙawa. Taɓarya ba ta san jika ba."

Sai ga matan maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar ko biki ake yi. Kowace ta zo sai ta leƙa turmi, ta yi ɗan jim, ta ce, "Bari in ɗauko taɓaryata." Ta fita, ta dawo. Kafin rana ta ɗaga, taɓare suna faɗawa turmi bi da bi, ana tafi, ana amshi, har mahaifiyata na gani tana murmushi da busasshen leɓe. Ƙamshin jiƙaƙƙen gero ya cika gida. A raina na ce lalle tsohuwar nan tana da tukunyar hatsi da ta binne a ƙarƙashin gadonta.

Ta bar mata da aikin fura, ta kama hannuna muka nufi gona. Maza sun zo, ba su da yawa, kuma duk a rame, wandunansu ɗaure da igiya. Makaɗi ya saɓa ganga, kowa ya kama kuyyarsa, wato layin shukar da zai nome. Da farko abin ya yi kyau. Amma da hantsi ya yi zafi sai hauyoyi suka fara nauyi. Wanda ya sunkuya sai ya daɗe bai ɗago ba. Gangar ma ta koma kamar ana buga ta daga cikin rijiya. Wani saurayi, jikan ƙawar kakata, ya jefar da hauyarsa ya je ya zube a gindin aduwa. Wasu suka fara duban hanya, ba alamar fura.

"Tsohuwa," in ji wani dattijo, yana share gumi, "ciki ba ya jin ganga."

Na dubi abin da aka nome, na dubi abin da ya rage, ciyawa har inda idona ya tsaya. Na ji kamar an riga an ɗora ni a jaki an nufi arewa da ni.

Kakata ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugu da shi. Ta taka har gindin aduwa ta ɗauki hauyar saurayin nan.

"Zauna abinka, angona. Tunda yau kai ne amarya, ni zan yi maka noma. Ƙawa, ruga gida ki kawo mashi lalle."

Ta shiga kuyyarsa, ta kai sara ɗaya, ta kai na biyu, nauyin hauya ya ja ta, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa, ƙafafu a sama. Kowa ya tsaya yana kallonta. Ni na ɗauka ta karye. Sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ku bar kallona. Ni da ƙasar nan mun daɗe ba mu gaisa ba."

Ban san wanda ya fara ba, amma dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana hawaye. Makaɗi ya ce, "Ashe har yanzu faɗuwar nan ba ta bar ki ba?"

"Kai dai buga, tsohon banza. Ko ka jiƙa fatar gangar ka cinye?"

Ya gyara rataya ya buga, bugun da na ji har cikin ƙirjina. Ya fara kiran mazan nan ɗaya-ɗaya, yana ambaton uban kowa da kakansa, da irin dammunan da suka ɗaure a zamaninsu. Saurayin ya taso da gudu ya karɓe hauyarsa. Kakata ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Sai ga mutanen da ɗazu ba sa iya ɗaga hannu suna tsere, ƙasa tana tashi a bayansu, kowa yana yi wa na kusa da shi ba'a. Na sha tunanin wannan sa'a. Rana ita ce dai, ciki shi ne dai, ba abin da ya shiga bakin kowa. Abin da ya sauya yana can inda ido ba ya gani.

Fura ta iso da azahar. Tsararo ce, ruwa ya fi gari yawa, ludayi ya zaga bai daɗe ba aka ga gindin ƙwarya. Suka yi salla suka koma.

Wajen la'asar wani maƙwabcinmu ya kawo mahaifina a kan jaki, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Ya sa aka sauke shi a bakin gona, ya riƙa jan gindi yana cire ciyawar da ta maƙale a gindin gero da yatsunsa.

"A'a," in ji kakata, "ga mutanen Kano. Yaushe a gari?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya, hawaye yana ɗiga a kan hannunsa.

Ba a gama gonar ba. Gefen da ke can ƙarshe ciyawa ta cinye shi. Amma abin da aka ceto ya kai mu wata daminar, da dabara da ƙarin ganye. Ba wanda ya tafi ko'ina. Ranar da aka dama kunun sabon gero, ƙanwata ta sha, ta tsala kukan da ya sa duk gidan dariya.

Daga baya an sa ni makaranta, na yi nisa da gida, na karanta abubuwa da yawa a kan yadda kwanciyar rai ke ƙara wa mutum ƙwazo. Duk lokacin da darasi ya gagare ni, ko na tsaya gaban aji gabana yana faɗuwa, ba littafi nake tunawa ba. Yanzu in na je Jibiya, injin niƙa ne ke tashin mutane da safe, motoci sun maye gurbin jakuna a hanyar iyaka, gayya kuma tana ja da baya, ƙodago ake ɗauka, kowa ya yi aikinsa fuska a ɗaure.

Sai bayan rasuwar kakata, na zo hutu muna gyara ɗakinta, na tambayi mahaifiyata inda tsohuwa ta binne tukunyar hatsin nan.

"Wace tukunya? Ƙaiƙayi ne ta kwaso a bayan rumbu ta zuba a turmi. Duk macen da ta leƙa ta gani da idonta. Da suka ce za su ɗauko taɓarya, kowace da ɗan geron 'ya'yanta ta dawo, ƙulle a bakin zane."