Sunan Baba a Labarin Masu Malafa

A shekarar da ƙasa ta girgiza a Alƙahira, bangon gidanmu na Giza ya tsage, muka koma wurin kakata Hajja a Hadayek el-Maadi. Can na tarar da sa'ana Nura, ɗan Baffa Bala, ƙanen mahaifina.

Idan an idar da sallar isha'i, Hajja takan hura gawayi a kasko, ta ɗora gahawa, mu kewaye ta. Ba ta cika yi mana tatsuniya ba. Labari ɗaya take so, na Masu Malafa.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," haka take buɗe shi, kamar tatsuniya.

Wai a wata sakandare ta Giza an yi malamin kiɗa da ya taɓa aiki a jirgin ruwa, ya dawo da son kiɗan mutanen Meziko da ake kira mariyaci. Ya tara yara, har da Baffa Bala, ya ba su gita da goge irin na Turawa da ƙahon ƙarfe. Hulunan nan masu faɗi da makaɗan mariyaci ke sawa ne suka gagara samuwa. Sai Hajja ta aika wa danginmu na Sudan aka kawo malafu, ta yi musu ado da zare mai ruwan zinare. Daga filin makaranta suka koma bukukuwan aure, har suka kai gidajen jakadu a Zamalek.

"Bala ya sa ƙaho a baki, ya ja, ya ja, har matar jakada ta manta da kofi a hannunta," in ji Hajja.

A nan Nura kan ɗora tsohuwar malafar ubansa a ka, ya kalle ni ta ƙarƙashinta. Ni kuwa sai in juya wurin Hajja.

"Hajja, Baba fa? Ai makarantarsu ɗaya."

"Ubanka ya tafi karatu. Miƙo min sukari, mai gidana."

"Ubanka tafi kawai ya iya," in ji Nura.

Baba limami ne, mutane suna sumbatar hannunsa a titi, amma wannan bai sanyaya mini rai ba. A gaban kaskon nan nake son jin sunansa. Har na taɓa rubuta labarin da ajami a bayan allona, na sa sunan Baba a wurin na Baffa. Baba ya gani, ya karanta har ƙarshe, ya gyara mini wasali ɗaya, ya ce in wanke.

Hajja ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sauya labarin ba.

Bayan na yi furfura, makarantar ta gayyaci tsofaffin Masu Malafa. Baffa ya matsa sai Baba ya je, ni na riƙo hannunsa. Aka miƙa wa Baffa lasifika, ya tashi da ƙyar.

"Malaminmu yaro ɗaya yake ɗauka daga kowane gida," ya ce. "Yayana ya zaɓa, don ya fi ni numfashi. Ni kuwa na kasa karatu, ana shirin korata, amma ba a korar ɗan Masu Malafa. Yaya ya je ya ce shi kiɗa bai dace da shi ba, a ba ni. Shi ya koya mini busa a saman bene. Ya roƙi mahaifiyarmu kada ta faɗa, ni ma na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Na yi shekaru ina hassadar abin da mahaifina ya bayar da hannunsa, kuma Hajja tana kallona ina ƙuna, ta zaɓi riƙe amanar ɗanta.

Baba bai ɗago kai ba. Ya jawo kujerar da ke gefensa.

"Khalas, ya isa haka, Bala, ka biya. Zauna, ka san gwiwarka."