Fadamar da Ban Taka Ba

Shekarar da mijina ya rasu na dawo gidanmu a Yankara da 'ya'ya uku da keken ɗinki. Bayan damina, wata ranar kasuwa, Baba ya kira ni zaure. Na tarar da ƙaninsa da limamin unguwarmu zaune. Ya ce su shaida, ya ba ni fadamarsa ta bakin rafi kyauta, in riƙe marayuna da ita. Duk cikin gonakinsa ita ce ba ta san rani ba: tumatir, albasa, ga rake a gefe.

Na yi godiya har da hawaye. Sai ya ce, "Gobe ki tahi ki zagaya ta, ki sa wanda za shi noma miki."

Kunya ta rufe ni. Tsoho yana raye, kullum da safe yana saɓa fartanya ya fita, ni kuma in je in tsaya a gonarsa ina nuna iyaka? Gari zai ɗauka na ƙosa ya mutu. Matan yayyena kuwa ba sai an tambaye su ba. Na ce, "Baba, ka ci gaba da nomanka. Tana hannunka, tana hannuna, ai duk ɗaya ne."

Ya yi murmushi ya ƙyale ni. Duk lokacin da ya tsinko tumatir sai ya ajiye kwando a ƙofar ɗakina ya ce, "Ga na gonarki." Haka muka yi shekaru, ban taɓa sa ƙafata a wurin ba.

Da ya rasu aka gama zaman makoki, yayyena suka ɗauko malamin rabon gado daga Faskari. Ƙanin Baba ya ba da shaida, liman ya ba da, ba wanda ya musa. Hankali kwance nake zaune a bayan labule, sai malamin ya tambaye ni, "Ɗiyata, bayan ya ba ki, kin shiga? Kin noma ta, ko kin ba wani aro?"

Na ce a'a.

"Wa ke noma ta har Allah ya yi mishi rasuwa?"

"Shi ne, Malam."

Sai ya ce kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu, ta koma cikin gado. Ya ƙara da cewa in 'yan'uwana sun ga dama suna iya bar mini, kuma akwai lada. Sai babban yayana ya ce, "Mu dai abin da shari'a ta hwaɗi, shi muka bi."

Ko rabon ma har yau ba a yi ba. Ɗaya daga cikin yayyena yana Kudu, ya ce kada a taɓa komai sai ya zo. Ɗaya ya ce hanya ba lafiya, ba zai jawo malam cikin daji ba. Babban yana noma fadamar, wai kafin a raba. Tumatir ta ƙofar matarsa yake shigowa yanzu, ta zubo mini a kwano, in ce na gode. In na bar gidan, a ce na haƙura. In na kai ƙara, a inuwar wa zan kwana? Abin yana ci mini rai. An koya mini durƙuso, an koya mini sunkuyar da kai, amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa in aka miƙo maka abu, karɓa ake yi.

Bara idona ya fara gajiya da zare. Babbar 'yata, wadda ke aure a Ruwan Godiya, ta zo gaishe ni, na ce na ba ta keken ɗinkina. Ta yi murna, ta shafa shi, ta ce, "Inna, ki bar shi nan ki riƙa taɓawa. Ai duk ɗaya ne."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na aika aka kira mai mashin, na tsaya a kansa har ya ɗaure keken. Tana kuka tana tambayata, "Inna, mi na yi miki? Ko ba ki da lahiya kike ɓoye mani?"

Na ce, "Hau ki tahi da abinki."

Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Da na koma ɗaki, sai ga kwanon tumatir an ajiye a inda keken yake.